In na haɗa Bunajina da Friesian, juriyarsu za ta bi 'ya'yan?

Mai Farin Garke:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Shanuna Bunaji ne, gadon mahaifina. Ɗana ya matsa a yi wa karsanai duka allurar maniyyin Friesian domin nono ya ƙaru, kuma yana da gaskiya, nonon Bunaji bai taka kara ya karya ba. Amma maƙwabcina yana da ruwa-biyu, kuma da bazara tun kafin azahar sun daina kiwo, sun taru gindin bishiya, baki buɗe, yawu na dalala, sai haki. Nawa kuwa kai a ƙasa, suna ta cin ciyawa. Ga zafi kullum ƙaruwa yake, damina ba tabbas. Juriyar nan tana bin 'ya'ya, ko ɓacewa take?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Baba. Idonka bai yaudare ka ba. Shanu masu tozo sun fi fitar da gumi, gashinsu gajere ne mai santsi, kaska ba ta cika kayar da su ba. Friesian kuwa asalinta ƙasar sanyi ce, Holan da arewacin Jamus, kuma yawan nonon kansa zafi yake haifarwa a cikin jikinta.

'Ya'yan haɗin farko, rabi da rabi, sukan yi kyau. Matsalar tana zuwa ne in aka sake yi musu barbara da Friesian: jikoki sun zama kashi 75 cikin 100 jinin Friesian, daga nan sai rama, kaska, da jinkirin ɗaukar ciki. Shi ya sa a Birazil suka tsayar da irin Girolando a kan 5/8 Holstein (wato dangin Friesian ɗin nan), 3/8 Gir mai tozo. Abin da ya fi damuna shi ne kalmar "duka". A Amurka kusan duk bijiman Holstein da ake ɗibar maniyyinsu, ta wajen uba, tsatson bijimai biyu ne da aka haifa a shekarun 1960. Garkenka yana ɗauke da bambancin jini da su suka rasa. Kada ka zubar da shi a shekara guda.

Hajiya Mai Kiwo:
Likita, na yarda, amma kada a tsorata yaron. Ni ruwa-biyu nake riƙewa kuma ban yi nadama ba. Sai dai ba shanun tafiya ba ne. Ruwa a gabansu, rumfa a kansu, dusa da harawa da rani, wankan kaska a kan kari. Baba, in ba za ka iya waɗannan ba, bar su yadda suke.

Ɗan Bakin Tafki:
Baba, dubi shanun Kuri na Tafkin Chadi, marasa tozo, masu ƙahon nan mai kumburi, masu iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Tafkin ya ja baya tun farin da aka yi a shekarun 1970, aka yi ta cakuɗa su da masu tozo, yanzu tsantsarsu tana wuyar samu. Haka saniyar N'Dama ta tsaunukan Futa Jalon a Gini: ƙarama ce, ana raina ta, amma tana rayuwa inda ƙudan tsando yake, sammore bai cika kashe ta ba. Babu allurar da ke sa wa saniya wannan. In jinin ya tafi, ba a saye shi a dawo da shi.

Mai Farin Garke:
Allah ya saka muku. Zan ba ɗana 'yan karsanai ya gwada, da sharaɗin rumfa da ruwa kamar yadda Hajiya ta ce, sauran su zauna tsantsa. Likita, cikin Bunajin ma akwai wadda ta fi 'yan'uwanta nono kuma ba ta tsallake haihuwa. Ɗanta zan bari bijimi, ko in musanya da wani garke gudun barbarar dangi?