Likita ya ce in riƙa tattaki saboda damuwa, da gaske yana aiki?

Mai Ɗinki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun rasuwar mahaifiyata barci ya ƙaurace min. Wuni nake a kan keken ɗinki, hannu na aiki, hankali na wani wuri, abu kaɗan sai in hau yara da faɗa. Na je asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne amma bai yi tsanani ba. Ya rubuta min magani, ya ce kuma in riƙa tafiya da sauri kullum. Maganin na gane. Tafiyar ce ban gane ba. Abin da ke cina a zuciya yake, me ya haɗa shi da ƙafa?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya ba ki haƙuri. Ki bi maganar likitan nan. Idan jiki ya motsa har numfashi ya ɗan hau, ƙwaƙwalwa na sakin sinadarai irin su endofin masu sassauta zafin rai. Idan kika ɗore, jiki kan rage saurin firgita, barci kuma ya fara zuwa da kansa, kuma rashin barcin nan shi ke ƙara hura wutar damuwar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako na matsakaicin motsa jiki. Wato minti 30 kwana biyar. Ga ma'auni mai sauƙi: ki yi saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba.

Baban Ƙwallo:
Hajiya, ni shawarata ki nemi abokiyar tafiya. A 2018 mujallar Lancet Psychiatry ta buga bincike kan mutum sama da miliyan ɗaya a Amurka, aka ga masu motsa jiki sun fi ƙarancin kwanakin ƙuncin rai a wata, kuma masu wasan ƙungiya su ne a gaba. Ni ban yi mamaki ba. Lokacin da aiki ya kuɓuce min, ba don abokaina suna ƙwanƙwasa min ƙofa da yamma ba, da ban fita ba. Mai damuwa kullum yana da dalilin zama a ɗaki.

Mai Ɗinki:
Amin, na gode ƙwarai. To Anti, idan tafiyar ta karɓe ni, zan iya ajiye maganin? Kuma gaskiya wasu ranakun ko tashi daga shimfiɗa da ƙyar nake yi, balle minti 30.

Anti Nas:
A'a, kada ki ajiye shi da kanki. Irin waɗannan magunguna sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu, kuma yanke su farat ɗaya na iya jawo jiri da dawowar ciwon. Likitanki ne zai rage miki a hankali idan lokaci ya yi. Ranar da jiki ya yi nauyi kuwa, ki yi minti 10 kawai, ko a tsakar gida ne, shi ma ana lissafa shi. Idan da hali ki yi da safe, hasken rana na taimakawa wajen daidaita lokacin barci. Amma idan kika fara jin rayuwar ta ishe ki, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki gaya wa wani na kusa, ku koma asibiti a ranar.