Mun wuce tsayin da aka ba mu da ƙafa 400: in rubuta rahoto ko in yi shiru?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Shawarar magabata nake nema. Ni mataimakin matuƙi ne. Makon jiya muna gangarowa Kano daga Legas, masu kula da zirga-zirgar jirage suka ce mu tsaya a ƙafa 11,000. Na maimaita musu daidai, na koma ɗaya rediyon ina sauraron yanayin hazo. Nan take ma'aikaciyar jirgi ta kira a kan wani fasinja marar lafiya. Kyaftin yana amsa mata yana murɗa lambar tsayin da jirgi zai tsaya, sai ya sa 10,000. Otofailot kuwa, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, abin da aka ba shi ya bi. Sai da muka kai 10,600 aka kira mu daga ƙasa. Da muka sauka Kyaftin ya ce a bar maganar. Shi zai sa hannu a takardar ƙarin girmana, kuma aminin kawuna ne. Me zan yi?

Hajiyar Kwari: Innalillahi! Ashe muna baya muna ta salati ku kuna gaba ba mai kallon hanya? Ɗana, wace rana ce? Na dawo daga Legas ranar Talata.

Mai Hasumiya: Ƙanena, rubuta. Na yi aikin kula da zirga-zirgar jirage a hasumiya har na yi ritaya. Rada tana nuna mana tsayinku, kuma ƙafa 300 kaɗai ya isa a ƙirga shi kauce wa umarni. Wanda ya kira ku ya riga ya gani, na'urar jirginku ma ta ajiye. Ruɗanin 11,000 da 10,000 tsoho ne, shi ya sa ake so wanda ya murɗa ya ɗora yatsa a kan lambar, ɗayan ya karanta da baki kafin a ɗauke hannu.

Tsohon Fiffike: Malam, kai albashinka na gwamnati ne, ba wanda zai kore ka. Ni na rubuta irin rahoton nan. Kyaftin ɗina lissafin kuɗin gininsa yake yi a waya muna hawa, muka zarce inda aka tsayar da mu. Aka ce mini rahoton sirri ne. Kafin sati ya zagayo kowa ya sani. Gaisuwa ta gagara. Aka riƙa jera ni a tashin asuba, aka kai ni jarrabawa a simileta, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, wurin abokin Kyaftin ɗin, ya kayar da ni a abin da na iya tun ina makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Kwantiragina ya ƙare ba a sabunta ba. Filin mahaifinmu na Rijiyar Zaki aka sayar aka biya mini dala 28,000 na horon wannan samfurin jirgi. Yau waya nake sayarwa a Farm Centre, yayyena har gobe ba su daina maganar filin ba.

Abban Sadik: Dala 28,000? An cuce ka. Ƙanin matata 16,000 ya biya.

Tsohon Fiffike: Da masauki da tikiti da tashi da sauka na gaske a jirgi? Je ka tambaye shi.

Direban Kano–Abuja: Ku kawo mana otofailot ɗin nan mu sa a Sharon, in kama barci daga Kwanar Dangora sai Zuba.

Kyaftin Mai Ritaya: Ɗana, ban raina abin da ya sami Tsohon Fiffike ba, amma ka saurare ni. A Disambar 1972 jirgin kamfanin Eastern na Amurka mai lamba 401 yana shirin sauka a Mayami, ɗan ƙwan fitilar da ke nuna tayar gaba ta fito ya ƙi kamawa. Duk waɗanda ke gaba suka duƙufa a kan ƙwan. Otofailot ya daina riƙe tsayi ba wanda ya lura, jirgi ya yi ta zamewa a hankali cikin dare har ya faɗa fadama. Mutum 101 suka rasu, alhali tayar lafiya lau ta fito. A 1981 Amurka ta hana matuƙa duk hirar da ba ta aiki ba ƙasa da ƙafa 10,000. Tun 2008 kuma tazarar jiragen da ke can sama a Afirka ƙafa 1,000 ce kacal. Ka cire 400 ka ga abin da ya rage. Ka sami Kyaftin ɗinka cikin ladabi, ka ce ku rubuta tare. Kyaftin na ƙwarai shi zai riga ka.

Abban Sadik: Baba, labarin 1972 ne wannan. Yanzu akwai na'urar da ke yin ihu idan jirage sun kusanci juna.

Mai Hasumiya: TCAS kake nufi, ita ce katangar ƙarshe. Ka taɓa zama a gaban jirgi kuwa, ko a hasumiya?

Abban Sadik: Ban taɓa ba, amma raina ne a kujerar baya, dole in yi magana.

Ɗan Fagge: Na gode, Baba. Matsalar ita ce na riga na same shi, ya ce in ina son zaman lafiya in manta. Kuma fom ɗinmu na rubuta rahoto yana da wa'adi.

Hajiyar Kwari: Ni dai a gaya mini, wa ke rubuta rahoton abin da ake yi mana a ƙasa? Cikin hunturun bara na biya naira 165,000, muka wuni a filin jirgi, da la'asar aka ce hazo ya hana tashi. Kuɗina har yau.

Maman Ilham: 165,000 Hajiya? Ni 110,000 na saya a satin, sai dai ni ma ba a mayar mini ba.

Kyaftin Mai Ritaya: Hajiya, in an ƙi tashi saboda hazo an kyauta muku. Riƙe kuɗin ne laifi. Ki kai ƙara teburin kare haƙƙin fasinja na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya.

Hajiyar Kwari: Yallaɓai, rasit ɗin yana wurin ejan ɗin da ya yankar mini tikitin, shi kuma ya daina ɗaga wayata. Akwai wanda ya san yadda ake bi a karɓa ba tare da shi ba?