Wane suna za mu ba keezer da Hausa?

Jama'a ina neman kalma, kuma so nake mu tsayar da magana ɗaya kar kowa ya riƙa kiran abin da sunan da ya ga dama. Masu haɗa giyarsu a gida, musamman a Amurka inda doka ta ba su damar hakan tun bayan da shugaban ƙasa Jimmy Carter ya sa mata hannu a 1978, suna da wani abu da suke ce wa keezer. Kalma biyu suka dunƙule, keg wato gangar ƙarfen da ake ɗura abin sha, da freezer. Yana da ɗan'uwa kegerator, shi kuma da firij mai tsayuwa ake yinsa.

Bari in fara faɗin yadda abin yake tukuna, don wasu sun fara jefo suna ba su san me ake magana a kai ba. Firiza ce irin ta kwance mai murfi a sama. In ka bar ta yadda kamfani ya yi ta sanyinta zai kai digiri 18 ƙasa da sifili, giya kuwa da ta sauka kamar digiri 2 ƙasa da sifili ta fara ƙanƙara, to sai a samo wata 'yar na'ura a jona ta a soket, a jona filogin firizar a jikinta, tana da 'yar waya mai jin sanyi da ake zurawa ciki a manna a jikin ganga, da sanyi ya kai digiri 3 ko 4 sama da sifili sai ta yanke wuta, ya ɗan yi ɗumi ta maido. Sai aikin kafinta. Ana kwance murfin, a haɗa katako huɗu daidai faɗin bakin firizar, a zaunar da shi a kai a toshe duk wata kafa, sannan a mayar da murfin a saman katakon. A jikin katakon nan ake huda ramukan famfo. Ba a huda jikin firizar sam, bututun gas ɗin sanyi a cikin bangonta suke kewayawa ba ka ganinsu, ka huda ɗaya shi kenan firiza ta mutu. Katakon kuma yana ƙara tsayi yadda ganga za ta zauna har a kan tudun nan na wajen inji. Gangar da aka fi amfani da ita mai lita 19 ce, irin ta Cornelius, wadda asali kamfanonin Pepsi da Coca-Cola ne ke zuba lemo a ciki. Tukunyar gas mai iskar kabon ke tura abin shan ya bi tiyo ya fito ta famfo.

To yanzu suna.

Malam da ya ce kawai mu ce kiza, na ji hujjarka, ai firiza da firij da famfo duk haka muka aro su kuma sun zauna daram. Amma su waɗancan sun shigo ne tare da kayan, mutane na gani suna taɓawa suna jin sunan. Kiza fa? Bature in ya ji keezer yana jin keg yana jin freezer a ciki, Bahaushe in ya ji kiza ba abin da zai ji, sai ka sake yin bayani daga farko.

Firizar giya kuma gaskiya ban yarda da ita ba ko kaɗan. Duk wanda ya ji zai ɗauka firiza ce aka cika da kwalabe, alhali dalilin yin abin gaba ɗaya shi ne a huta da wanke kwalba da ɗura ta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ba giya kaɗai ake sawa ba, akwai masu sa ruwan soda, akwai masu kofi mai sanyi, na'urar ba ruwanta da abin da ke cikin gangar. In muka ɗaure sunan da giya, wanda ba ya sha ba zai ma tsaya ya ga dabarar ba, kuma dabarar tana da kyau wallahi, don iska mai sanyi ƙasa take kwanciya, shi ya sa in ka buɗe firizar kwance sanyin ba ya zubowa waje kamar na firij mai ƙofa a gefe.

Yaya, taki shawarar ta randar zamani ita ta fi yi min daɗi a kunne, kuma kin kamo abu ɗaya da sauran suka bari: abin ya daina daskarar da komai, sanyaya shi kawai yake, ga baki a sama ga murfi. Inda na tsaya shi ne randa ruwan a cikinta yake kai tsaye ana ɗiba da moɗa, nan kuwa ba a ɗiba, ba a ma son yawan buɗe murfin don danshi na shiga ya taru a ƙasa ya jawo tsatsa. Ga kuma zamani ɗin, an liƙa wa abubuwa da yawa shi har ya daina nuna komai.

Ni dai inda na tsaya: firiza mai famfo. Abin da ido zai fara gani kenan, farar firiza da famfuna jere a gabanta, kuma ya ba mu na ɗan'uwan a sauƙaƙe, kegerator ya zama firij mai famfo. Na san za a ce ai ta daina aikin firiza, haka ne, amma jikinta na firiza ne, injinta na firiza ne, wanda zai je saye ma firiza zai ce a ba shi. Abin da ke fitowa daga ciki in giya ce a ce giyar famfo, a bambanta ta da ta kwalba. Keg mu bar shi ganga, kar a ce tukunya don tukunyar gas na zaune a gefenta za a rikice. Katakon nan da suke kira collar ni wuya nake ce masa, wuyan firiza, tunda tsakanin jiki da murfi yake, kuma yana da kyau ya samu suna don nan ne matsala ke yawan fitowa, wajen ya fi ƙasa ɗumi, kofin farko sai ya fito rabi kumfa, shi ya sa ake sa 'yar fanka a ciki ta riƙa juya iskar.

Wadda ta rage min ita ce 'yar na'urar nan mai yanke wuta. Ma'aunin sanyi bai isa ba don ba awo kaɗai take ba, har da kashewa da kunnawa, na'urar ƙayyade sanyi kuma ta yi tsawo a baki. Masu gyaran firij da ke nan don Allah me kuke ce mata a wajen aiki?