Katakon kwambeyar buhuna na tsagewa, sarƙa na hawa haƙori: wane kunne ya dace?

Sharada_Shinkafa:
Assalamu alaikum injiniyoyi. Kwambeya ce ta jan buhunan shinkafa masu kilo 50 daga wurin ɗinki zuwa bakin mota, tsawonta mita 9. Sarƙa biyu ne a jere masu lamba 80, da katako a gicciye a kansu. Sarƙar ba ta zo da kunnen ɗaure katako ba, sai mai walda ya yanka angil, wato ƙarfe mai kusurwa, ya liƙa a gefenta. Yanzu katako na tsagewa a wurin noti, kunnuwan na ɓallewa, sarƙar hagu kuma tana hawa haƙorin sifiroket, wato faifai mai haƙora da ke jan sarƙa, tana ƙara. Za a sayi sabuwa. A takardar mai kaya akwai kunnuwa iri-iri: A1, A2, K1, K2, SK da D3. Wanne ne namu?

Injiniya_Bompai:
Wa alaikumus salam Malam. Waldar nan ita ce tushen ɓallewar. Fallayen sarƙa an gasa su sun yi tauri tun a masana'anta, fin (ƙusar da ke haɗa gaɓoɓi) da bushin (ɗan bututun da fin ke juyawa a ciki) kuma matse su aka yi a cikin rami. Zafin walda yana lalata taurin ƙarfen da ke kewaye, ya sassauta matsin, wani lokaci ma gaɓar ta sandare ta daina lanƙwasa. Sandararriyar gaɓa idan ta iso sifiroket ba ta zama cikin haƙori, hawa take yi.

Haruffan kuwa fasalin kunnen suke nufi. A kunne ne lanƙwasasshe, kwance kamar tebur, a gefe ɗaya na sarƙa. K shi ne irinsa a gefe biyu. Lambar da ke biye yawan ramin noti ne a kowane kunne, wato A2 gefe ɗaya rami biyu. SA da SK ba a lanƙwasa su ba, a miƙe suke sama, na ɗaure abin tura kaya ne ko sanda mai ratsawa. D1 da D3 fin ne aka tsawaita ya fito waje, a kan rataya abu ko a zura bututu a kai. Waɗannan huɗun ba na aikinku ba ne.

Ku bar lamba 80, ta juya inji ce. Ku nemi sarƙar kwambeya mai lamba C2082H. Tazarar fin zuwa fin milimita 50.8 ce, ninki biyu na 25.4 na lamba 80, kuma tana da manyan tayoyi masu faɗin milimita 28.58 da ke birgima a kan titin ƙarfe maimakon a ja fallayen suna gurzuwa. Ku ce a sa A2 a kowace gaɓa ta biyu, a kan gaɓar waje, kunnuwa su dubi ciki. Daga katako zuwa katako zai zama milimita 101.6, sai a fere katakon ya zama faɗin 95 don kada su matsi juna. Amma fa tsohon sifiroket ba zai karɓi babbar taya ba, dole a sauya shi da na wannan sarƙar.

Tsohon_Fita:
Injiniya ya faɗi gaskiya kan walda da C2082H, amma a kunne ina ganin K2 ya fi. A2 nauyi yake dorawa a gefe ɗaya, buhu idan aka jefo shi daga kafaɗa sai ya murɗe sarƙar ciki, tayoyi su riƙa cinyewa ta gefe guda, kunnen kuma ya fara tsagewa daidai kan lanƙwasarsa. Da K2 katako yana hawa kan sarƙar gaba ɗaya, nauyi ya sauka a tsakiyar taya, ya kuma rufe ta daga tsaba da ɓuntun da ke zubowa. A2 na da kyau ne idan kayan marasa nauyi ne, ko firam ɗin ya matse babu wurin da katako zai wuce kan sarƙa.

Tsagewar katakon kuma ba daga kunne kaɗai take ba. Sarƙa biyu ba sa tafiya daidai, ɗaya ta riga ɗaya, katako ya zama shi ke shan murɗa. A duba waɗannan wurin haɗawa:

Sifiroket biyu na shaf ɗin da motar inji ke juyawa, a yanke musu gurbin makulli tare, a ɗora rula a kan haƙoransu a ga sun yi layi ɗaya. Na shaf ɗin baya kuwa ɗaya kawai za a kulle, ɗayan a bar shi ya juya a kan bushin, shi zai shanye ɗan bambancin da ke tsakanin sarƙoƙin. Wannan ne masu haɗa kwambeya a gareji suka fi tsallakewa.

A gaya wa mai kaya sarƙoƙin tagwaye ake so, waɗanda aka auna aka daidaita tsayinsu tare. Kada a taɓa haɗa sabuwa a dama da tsohuwa a hagu.

Ramin katako na gefe ɗaya a ɗan ja shi ya yi tsawo, kamar milimita 3 ƙari, don ya samu wurin motsi. Ramin kunnen C2082H noti M6 yake ci, wato mai kaurin milimita 6. A sa mai lambar ƙarfi 8.8 da kan noti mai roba a ciki, da faffaɗar washa a kan katako, a kuma nutsar da kan don kada ya yaga buhu.

Sharada_Shinkafa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Fita, wajen mita 3 na ƙarshe hawa ne zuwa bayan mota, buhu na zamewa baya. Sannan giris za mu ci gaba da shafawa?

Tsohon_Fita:
Zamewa ba ta buƙatar wani kunne dabam. A ɗaure angil mai tsayin milimita 40 a kan katakon kansa, ɗaya bayan kowane katako 10, wato kusan mita ɗaya, tsayin buhu da ɗan sarari. A goge bakinsa da giranda. Sai a tabbatar akwai wurin da zai wuce a ƙasa wajen dawowa, don nan ne yake kama firam ya karya katako. Inda kwance ya haɗu da hawa a sa ƙarfen danne sarƙa ta sama, in ba haka ba ja zai ɗaga ta daga titi.

Giris a wurin shinkafa ɓarna ce. Ɓuntu yana da kaifi kamar yashi, idan ya haɗu da giris da ƙurar hunturu sai ya zama abin wasa ƙarfe a cikin gaɓa. A hure sarƙa da iska, a ɗiga mai mara kauri tsakanin fallen ciki da na waje ya gangara kan fin, a goge ragowar. A yi shi a layin dawowa, inji a kashe.

Kowane wata a ja sarƙa ta miƙe a auna gaɓa 20 daga tsakiyar fin zuwa tsakiyar fin. Sabuwa milimita 1016 ce. Idan ta kai 1036 ta miƙe da kashi 2 cikin ɗari, a sauya duka biyun. A auna hagu da dama a wuri ɗaya a rubuta, bambancin da ke tsakaninsu shi zai fara nuna ko lodi na karkata gefe guda.