Daren da aka kai hari Atlas Cove: waɗanda ke Legas su faɗa mana

Baban Khalifa: Salam jama'a. Yaran da ke koyon tuƙi a hannuna ba su san labarin nan ba. Daren Lahadi, 12 ga Yuli 2009, 'yan MEND, ƙungiyar tsagerun yankin Neja Delta, suka shigo ta ruwa suka cinna wa tashar Atlas Cove wuta, inda jiragen dakon mai ke sauke kaya a turo shi ta bututu zuwa ma'ajiyoyin mai na Ejigbo da Mosimi. Mutum biyar aka ce sun rasu, har da sojojin ruwa. Wanda ke kusa ya ba mu abin da ya gani.

Ɗan Kwanar Dangora: Ina gadi a Victoria Island lokacin. Ƙara na fara ji, na ɗauka taransifoma ce. Da na hau saman bene sai ga sama ta yi jajir ta wajen Tarkwa Bay, ruwan ma ya koma ja. Maigidana ya fito da gajeren wando yana tambayata ko juyin mulki ne.

Alhaji Mai Tanka: Ku da kuka kalla daga nesa kun huta. Mu muna layin lodi a Apapa, tanka gaba, tanka baya, ko ƙofa ba ta buɗuwa sosai. Kuma motocinmu babu kaya, wanda shi ne abin tsoron. Wanda ba ɗan sana'a ba yana zaton cikakkiyar tanka ce mugu, alhali wadda aka sauke ta fi saurin tashi, tururin fetur ne cike da cikinta. Wani yaron mota ya zaro sigari don rawar jiki, wallahi ban san sanda na kwaɗa masa mari ba. Muka bi layi muna roƙon masu shayi su kashe risho.

Maman Ummi: Alhaji, ku kuna tsoro, mu a Agege muna ta kiran waya ba ta shiga. Sai da asuba mai gidan ya kira ta lambar wani, muryarsa a dishe.

Alhaji Mai Tanka: Allah sarki Hajiya, cajinmu ne ya ƙare duka.

Baban Khalifa: Washegari kuma gwamnatin 'Yar'aduwa ta saki Henry Okah, wanda ake cewa jagoran MEND ne, ƙarƙashin afuwa. Akwai wanda ke aikin kwale-kwale a tashar ruwa ta CMS da ke Lagos Island lokacin? Nasu nake son ji.