Neman kalma: "sanctuary city", kafin ƙarfe 5

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina da rahoto kan biranen Amurka irin su Shikago da San Faransisko da ke ƙin taya ICE, hukumar shige da fice ta tarayya, kamen baƙin haure. Me zan kira "sanctuary city"? Ga kuma "civil disobedience" a ƙasa. Ƙarfe 5 zan shiga situdiyo.

Bakatsine: Birnin tudun mun tsira. Magana ta ƙare.

'Yar Damagaram: Daɗin ji gare ta, amma fa ba a tsira ba. ICE na shiga Shikago ta ɗauke mutum a ƙofar gidansa. Iyaka dai 'yan sandan birnin ba sa tambayar takardunka, kuma in ICE ta ce a ƙara tsare mata wani na awa 48 bayan lokacin sakinsa, sai a ƙi. Yaro a Agadas ya ji "tudun mun tsira" a rediyo, ai sai ya ɗaure kaya.

Malam Na Zazzau: Hurumi! Shekara nawa ina faɗa. Daga coci abin ya faro: a 1982 wata coci a Tucson, jihar Arizona, ta buɗe ƙofa ga 'yan gudun hijirar Salbado da Gwatamala. Wuri mai alfarma, ba a keta shi. Sannan birnin cewa yake yi kamen baƙi ba huruminsa ba ne, na tarayya ne. Kalma ɗaya, ma'ana biyu.

Bakatsine: Allah gafarta Malam, a wurinmu in ka ce an kai mutum hurumi, sai dai a yi wa iyalansa ta'aziyya. Kuma ai Balarabiya ce.

Malam Na Zazzau: To "lumana" da "hukuma" kakanka ne ya ƙago su? Yaran yanzu ba ku buɗe ƙamus.

'Yar Damagaram: Ku dai 'yan Nijeriya kullum ku ke yanka, mu sai dai mu haɗiye. Wa ya tambaye mu lokacin da aka zaɓi "baƙin haure"? Wanda bizarsa ta ƙare, katangar wa ya haura?

Mai Fassara: Don Allah jama'a, huɗu saura kwata. Ta biyun fa?

'Yar Damagaram: Bijire wa doka cikin lumana. Kar ka ce tawaye ko bore. Irin na Rosa Parks ne, baƙar fatar Amurka da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas a 1955: ka karya dokar a fili, ka tsaya a kama ka. Mutanen cocin nan shi suka yi, har kotu ta sami wasunsu da laifi a 1986. Biranen kuwa cewa suke yi ba dokar da suka karya, hannu kawai suka janye. Kar ka haɗa su.

Mai Fassara: Na ɗauki wannan, na gode Hajiya. Ta farkon zan ce "biranen da ba sa ba ICE haɗin kai".

Malam Na Zazzau: Wannan ai bayani ne, ba kalma ba. Je ka karanta, gobe za ka dawo kan hurumi.