Neman shawara: za a iya dogara da sharhin Facebook wajen zaɓar fasalin gini?

Akitek Nura:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai rukunin shaguna mai hawa uku da za a gina a Kano, kusa da wata babbar kasuwa, fuskarsa na kallon yamma. Zane biyu ne a hannu. Na farko gilashi ne daga ƙasa har sama. Na biyu bulo ne da filasta, da baranda mai zurfi, da zanko a kusurwoyi da ɗan adon dagi. Mai ginin ya ce a saka hotunan a Facebook, wanda ya fi samun laik shi za a kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, neman izini. Shin wannan hanya ce da za a tsaya a kanta? In kuma za a yi, yaya ake tattara sharhin a tace shi yadda zai yi amfani? Akwai manhajar da ke karanta Hausa ta raba yabo da suka?

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam, Akitek. Laik ba ƙuri'a ba ce. Wanda ya danna yana iya kasancewa a Legas ko Jidda, bai taɓa taka unguwar ba, ba kuma zai kama shago a ciki ba. Sannan Facebook ba ya nuna hoto ga kowa daidai: wanda ya fara samun motsi a sa'o'in farko shi yake ƙara turawa gaba, tazara ta yi ta buɗewa ba don ya fi kyau ba. Lissafin nan da ake yi cewa mutum 400 sun isa a san ra'ayin gari da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, sai in kai ka zaɓo mutanen ta hanyar canke, wanda sa'a ta faɗa wa. Masu sharhi kuwa su suka kawo kansu.

Abin da sharhi ke ba ka shi ne jerin abubuwan da ke damun mutane da dalilansu. Don ka samu wannan, sai ka gyara hotunan tukuna. Duka biyun su kasance daga kusurwa ɗaya, a tsayin idon mai tafiya a ƙasa, wajen mita 1.6, ba daga sama kamar na jirgi maras matuƙi ba. Lokaci ɗaya na rana, sararin sama iri ɗaya, motoci da bishiyoyi da mutane iri ɗaya. In ka nuna gilashin da daddare fitilu na walƙiya, na bulon kuma da tsakar rana, ka riga ka yanke hukunci da hannunka. Kada ka rubuta "na zamani" da "na gargajiya" a ƙasansu, ka sa A da B kawai. Ka wallafa sau biyu a wurare daban, a na biyun ka juya jerin, saboda hoton da ya zo farko yana cin riba. Ka ɓoye sunan mai ginin, in ba haka ba shi za a tattauna, ba ginin ba.

Tambayar ma kada ta zama "wanne ya fi kyau?" Ka ce: "In za ka kama shago a ɗaya, wanne za ka ɗauka, kuma me ya sa?"

Malam Auwal, mai nazarin bayanai:
Zancen manhaja, Akitek, kada ka sa rai da yawa. CrowdTangle da ake bibiyar shafukan Facebook da shi, Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta rufe shi a watan Agustan 2024, abin da ya maye gurbinsa kuma, Meta Content Library, sai masu bincike da aka tantance. X (tsohon Twitter) ma tun 2023 ya mayar da ɗiban bayanai na kuɗi. Kwashe sharhi da na'ura ba izini ya saɓa wa ƙa'idar Facebook, suna iya rufe maka shafi. Tunda a shafinka za ka wallafa, ka bar shi kwana bakwai, sannan a kwafe da hannu zuwa Excel ko Google Sheets. Sharhi ɗari biyar, mutum biyu za su gama a yini biyu.

Kowane sharhi layi ɗaya: lamba, rubutun yadda yake, A ko B ko babu zaɓi, yabo ko suka ko tsaka-tsaki, sai batun da ya taɓo. Batutuwan ka fitar da su bayan ka karanta hamsin na farko, amma a irin wannan gini ba za su wuce zafi da iska, ƙura, wurin ajiye mota da sauke kaya, tsani, banɗaki, wurin alwala da salla, gobara, tsadar haya, da kamanni ba. Ka ware "Masha Allah" da babu komai bayansa, da masu kiran sunan abokansu, da masu tallar haja. Mutum ɗaya in ya yi sharhi goma, zaɓinsa ɗaya ne. Kada ka yi mamaki in rabin abin ya zube a wannan tankaɗen.

Ku biyun ku fara da sharhi 100 iri ɗaya, kowa ya yi nasa ba tare da ganin na ɗan uwansa ba, sannan ku gwada. In kun dace a ƙasa da 80, ma'anar rukunonin ce ba ta fito ba, ku zauna ku daidaita kafin ku ci gaba.

Akwai aikin da aka yi a kan Hausa. NaijaSenti ya fito a 2022, da hannun masu bincike na Jami'ar Bayero, ya tattara saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka da aka yi wa alamar yabo ko suka, sai AfriSenti ya biyo baya a 2023 da harsuna 14. Amma a kan saƙonnin yau da kullum aka horar da su, ba maganar gini ba. Kuma gatse yana kayar da na'ura. "Allah ya kyauta", "sai a hankali", "lallai an gaishe ku", "wannan ai sai Dubai": kalmomin masu daɗi ne, manufar kuwa sau da yawa suka ce. Ga rubutu ba ƙugiya, inda kasa da ƙasa suka zama abu guda, ga cakuɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya. In sharhin bai kai dubbai ba, idon Bahaushe ya fi.

Akitek Nura:
Na gode ƙwarai. Dakta, to in sakamakon ya fito gilashi ne ya rinjaya da nisa, me zan ce wa mai ginin?

Injiniya Bashir:
Bari in shigo a nan, Akitek. Ka ce masa hoto ba ya nuna zafi. Gilashin da ke kallon yamma a Kano zai sha rana daga azahar har faɗuwarta, a watan Afrilu kuwa zafin waje kan kai digiri 40. Rana ta yamma ƙasa-ƙasa take zuwa, don haka rumfar da ke saman taga ba ta tare ta, sai baranda mai zurfi ko faifan tsaye. Shagon da ke bayan wannan gilashin ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, wato janareta da dizal, kuma ɗan haya ne zai biya. Mai atamfa da shadda kuma kayansa za su koɗe. Da hunturu ƙura za ta lulluɓe shi, wankin hawa na uku yana buƙatar igiya ko tsani na musamman da babu wanda ya sa a kasafi.

Wannan ba a nan kaɗai ba ne. Ginin da ake wa laƙabi da Walkie Talkie a Landan, a 2013 gilashinsa mai lanƙwasa ya tattara hasken rana ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye a titi, sai da aka sa masa faifan inuwa daga baya. Babu mai kallon hoto da zai hango wannan.

Don haka ka sa lissafi a gefen kowane zane kafin ka nemi ra'ayi: kimar hayar shago a shekara, da kimar kuɗin wuta a wata. Amsar mutane tana sauyawa da zarar sun ga kuɗi. Babban filin wasa na Tokyo da akitek Zaha Hadid ta zana, an yi ta yi masa ba'a cewa ya yi kama da hular keke, amma abin da ya sa gwamnatin Japan ta Shinzo Abe ta soke shi a Yulin 2015 shi ne kuɗin da ya kai yen biliyan 252.

Hajiya Rabi:
Ni abin da ban ji an ambata ba shi ne waɗanda ba sa sharhi. Manyan 'yan kasuwa da za su biya hayar shekara biyu a dunƙule ba su da lokacin rubutu a Facebook, WhatsApp suke, saƙon murya kuma suke turawa. Mata da yawa suna gani su wuce, gudun tsangwama. 'Yan dako da direbobi ma haka, alhali su suka san faɗin ƙofar da mota za ta juya a cikinta. Ka buga hotunan a takarda A3, ka je wurin shugabannin ƙungiyar kasuwar da mai unguwa, ka tambayi mutum 30 zuwa 40 baki da baki: masu shago, masu saye mata da maza, 'yan dako, maƙwabta. Batutuwan da ka tsamo daga sharhi su za ka mayar tambayoyi. KoboToolbox kyauta ne, yana aiki a waya ko babu intanet. Tambayar maƙwabta ta daban ce: tagogin hawa na biyu da na uku suna leƙa tsakar gidansu? Wannan kaɗai ya isa ya kai ku gaban hukuma bayan an zuba kankaren bene.

Dakta Hadiza:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari biyu. In sharhi iri ɗaya ya yi ta shigowa cikin mintoci daga shafukan da ba su daɗe da buɗewa ba, an yi gayya ne, ka ware su gefe ka rubuta adadinsu a rahoto. Sannan ka goge sunaye da hotunan mutane daga takardar tun ranar farko, ka bar lamba kawai, saboda Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan aiki, ko da mutum a fili ya yi rubutunsa.

Rahoton da za ka kai wa mai ginin kada ya wuce shafi biyu. Kada ka rubuta "mutanen Kano sun zaɓi A". Ka rubuta yawan sharhin da aka tara, nawa aka zubar da dalili, batutuwa biyar da suka fi fitowa da misali biyu a ƙarƙashin kowanne, abin da 'yan kasuwa suka ce baki da baki, sai gyaran da kake ba da shawara a zane. In masu son gilashi haske da fitowar kaya suke nema, ka ba su manyan tagogin baje koli a hawan ƙasa, a cikin inuwar baranda mai zurfin mita biyu zuwa biyu da rabi, saman kuma ya zauna da bulo da ƙananan tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa.